An gano mai kisan amma ba a kama kowa ba: me ya sa littattafan bincike na Italiya suke ƙarewa haka?

Duk wanda ya saba da labarin binciken kisa irin na Ingila ya san hanyar da ake bi. A tsinci gawa, mai bincike ya zo ya yi ta tambaye-tambaye, a shafin ƙarshe ya tara kowa a falo ya nuna mutum ɗaya, a sa masa ankwa, shi kenan kowa ya koma gida. To sai mutum ya ɗauko wani littafin Italiya da aka fassara, irin wanda labarinsa ya faru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi shi har ƙarshe ya ga an gano wanda ya yi kisan sarai amma yana nan yana shan kofinsa a dandalin gari, shi kuwa mai binciken ko an yi masa canjin wurin aiki ko kuma shi ne ma aka binne. Wasu har sukan ɗauka kwafin da suka samu ne bai cika ba, ko mai fassara ya yanke babin ƙarshe. Ba a yanke komai ba, haka marubutan suka rubuta shi da gangan, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar ne.

## Kalmomin da ake gani a bango

Kalma ta farko ita ce giallo, ma'anarta kawai ruwan ɗorawa. A 1929 kamfanin buga littattafai na Mondadori da ke Milan ya fara fitar da jerin labaran bincike masu bango ruwan ɗorawa, yawancinsu fassara daga Ingilishi, irin su Edgar Wallace da Agatha Christie, abin ya karɓu har launin ya zama sunan nau'in gaba ɗaya. Yau ko jaridar Italiya za ta ba da labarin mutuwar da ba a gane kanta ba sai ta ce giallo ne. Ta biyu noir, wannan daga Faransanci take, baƙi kenan, kuma ana nufin labarin da damuwarsa ba ta tsaya kan wa ya yi kisan ba, ta fi karkata ga wane irin gari ne wannan da ake kisa a cikinsa kowa ya yi shiru. Masu sayar da littafi suna cakuɗa kalmomin biyu yadda suka ga dama, don haka bango ba ya gaya wa mutum gaskiyar abin da ke ciki.

Sai muƙamai, nan ma ana ruɗewa. Commissario ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ba ne kamar yadda ɗan Najeriya zai ɗauka, ya fi kusa da DPO ko shugaban sashen bincike, mai riƙe da lardi gaba ɗaya questore ake ce masa. Carabinieri kuwa sojoji ne masu aikin 'yan sanda, mutanen Nijar za su gane su nan take don jandarma ne, su ne ake samu a ƙananan garuruwa da ƙauyuka, kuma tsakaninsu da 'yan sanda akwai tsohuwar kishiya wadda marubuta suke amfani da ita sosai.

Shi kansa "bayan yaƙi" ɗin yana da faɗi. Wasu suna nufin 1945 zuwa 1948 kawai, wasu su ja shi har shekarun 1960. Kuma littattafan kashi biyu ne: akwai waɗanda aka rubuta a lokacin, marubucin yana tsoron kotu yana auna kowace kalma, akwai kuma waɗanda aka rubuta shekaru arba'in ko hamsin baya, marubucin yana waiwaye da takardun tarihi a gabansa. A kanti duk a shiryayye ɗaya za a ajiye su.

## Lokacin da gwamnati ta hana mai kisa zama ɗan ƙasa

Gwamnatin kama-karya ta Mussolini, shugaban 'yan Fasist, ba ta son a ce akwai laifi a Italiya, tunda ai ta ce ta gyara ƙasa. Jaridu aka fara matsawa su rage labaran kisa da na masu kashe kansu, daga baya aka juyo kan littattafai, ma'aikatar al'adu ta ba da umarni cewa mai kisa a labari kada ya zama ɗan Italiya kuma kada ya tsere wa hukunci. A 1941 jerin Mondadori ya tsaya, sai 1946 ya dawo. Augusto De Angelis, wanda ya ƙirƙiro Commissario De Vincenzi na Milan a 1935, an ɗaure shi bisa zargin adawa da Fasist, ya mutu a 1944 sakamakon dukan da wani ɗan Fasist ya yi masa.

To ka ga a ƙasar da hukuma ta taɓa tilasta cewa dole labari ya ƙare da adalci ya yi halinsa, marubucin da ya zo daga baya ya ƙi rufe labarinsa da ankwa yana faɗin wani abu ne game da hukumar kanta.

## Gwamnati ta canza, ma'aikata suna nan

Nan ne ainihin tushen. An 'yantar da arewacin Italiya a ƙarshen Afrilun 1945 bayan kusan shekara biyu ana yaƙin basasa tsakanin 'yan Fasist na jamhuriyar Salò da Jamus ke mara wa baya da kuma 'yan gwagwarmaya da ake kira partigiani. Ranar 2 ga Yuni 1946 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka kori sarauta, bayan kwana ashirin ministan shari'a Palmiro Togliatti, wanda shi ne shugaban jam'iyyar Kwaminis, ya sa hannu a kan dokar afuwa. Manufar dai a sasanta, a rufe babin, amma dokar ta ce waɗanda ba za a yafe wa ba su ne masu azabtarwa "mai tsananin muni", kuma alƙalan da aka ba aikin fassara wannan magana yawancinsu a zamanin Fasist suka yi girma, sai ya zama azaba iri-iri an ce ba ta kai tsananin ba, dubban mutane suka fito daga kurkuku suka koma garuruwan da iyalan waɗanda suka azabtar suke zaune.

Dokar laifuka ta 1930, wadda ake kira da sunan ministan Mussolini Alfredo Rocco, ita aka ci gaba da aiki da ita. Gaetano Azzariti da ya shugabanci kotun tantance launin fata a zamanin dokokin wariyar Yahudawa, shi ne ya zama shugaban kotun tsarin mulki a 1957. Masanin tarihi Paul Ginsborg ya kawo ƙididdigar 1960 da ta nuna a cikin manyan kantomomin lardi 64, guda 62 sun yi aiki a ƙarƙashin Fasist, shugabannin 'yan sanda na lardi 135 kuwa dukkansu. A ɗaya gefen, 'yan gwagwarmayar da aka ɗauka aikin ɗan sanda bayan yaƙi, ministan cikin gida Mario Scelba ya bi ya tsince su ya sallama bayan 1947.

Wannan shi ne ofishin da mai binciken labari yake shiga kowace safiya. Maigidansa yana da abin ɓoyewa, alƙali yana da nasa, shi ma kansa yana da nasa.

Carlo Lucarelli ya gina littattafai uku a kan wannan, Carta bianca a 1990, L'estate torbida a 1991, da Via delle Oche a 1996, Michael Reynolds ya fassara su zuwa Ingilishi. Lucarelli ya ce yana binciken digiri ne kan 'yan sandan zamanin Fasist sai ya haɗu da wani tsohon jami'i da ya yi shekara arba'in a aiki, ya yi wa 'yan sandan siyasa na Mussolini aiki yana kama 'yan adawa, aka juya ya yi wa 'yan gwagwarmaya aiki yana kama tsofaffin iyayen gidansa, aka sake juyawa ya koma kama 'yan gwagwarmayar, kuma da aka tambaye shi yaya aka yi haka amsarsa ita ce shi fa ɗan sanda ne. Digirin dai bai ƙarasa ba, Commissario De Luca ya fito a madadinsa. A littafi na biyu De Luca yana gudu da takardun bogi a ƙauyukan Romagna don sunansa yana jerin waɗanda ake nema, wani matashin ɗan sandan 'yan gwagwarmaya ya gane shi, maimakon ya miƙa shi sai ya ce zo ka taya ni binciken wani iyali da aka kashe. A na uku an mayar da shi Bologna ƙaramin muƙami a sashen kula da gidajen karuwai, waɗanda a lokacin da lasisin gwamnati suke aiki har zuwa 1958, ana saura kwanaki zaɓen 18 ga Afrilu 1948 da jam'iyyar Christian Democrat ta lashe da kusan kashi 48 cikin ɗari. An tsinci wani saurayi a rataye an ce shi ya kashe kansa, De Luca ya miƙar da kujerar da ke yashe a ƙasa ya ga ƙafar mamacin ba ta ma kai kanta ba. Kowa a ɗakin ya gani, kuma babu mai son a rubuta.

## Sisili, inda shaida ba ya ganin komai

Leonardo Sciascia malamin firamare ne daga Racalmuto, garin masu haƙar farar wuta, kuma shi a cikin lokacin ya yi rubutu. Il giorno della civetta, wato ranar mujiya, ya fito a 1961 lokacin da manyan 'yan siyasa suke cewa babu wani abu wai shi mafiya, wato ƙungiyar asiri ta masu aikata laifi, ƙirƙirar 'yan Kwaminis ce. Labarin ya buɗe da asuba a dandalin wani gari, motar Palermo tana shirin tashi cike da fasinja, wani ɗan kwangila ya rugo zai hau aka harbe shi sau biyu. Kafin jandarma su gama isowa motar ta zama wayam, kwandasta bai tuna fuskar ko mutum ɗaya ba, mai sayar da wani soyayyen abu mai kama da ƙosai da yake tsaye taku kaɗan daga wurin, da aka tambaye shi wa ya yi harbin sai ya mayar da tambaya, au an yi harbi ne?

Kyaftin Bellodi, jami'in jandarman da ke binciken, ɗan arewa ne daga Parma, tsohon ɗan gwagwarmaya, ya bi zaren har ya kai ga Don Mariano Arena, uban mafiyar yankin, ya haɗa hujja mai kyau. Yana hutu a gida ya karanta a jarida cewa wasu mutanen kirki masu mutunci sun rantse wanda ake zargi da harbin yana wani gari mai nisa a ranar, shari'a ta rushe, an mayar da maganar rikicin mace da kwarto. Sciascia ya ɗauko tushen labarin daga kisan Accursio Miraglia, shugaban ƙungiyar ƙwadago a Sciacca a Janairun 1947, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya da yawa da aka kashe a shekarun rikicin rabon gonaki, shekarar da 'yan bindigar Salvatore Giuliano suka buɗe wuta kan taron ranar ma'aikata a Portella della Ginestra suka kashe mutum 11. A ƙarshen littafin ya ƙara 'yar sanarwa cewa ya shafe shekara yana rage shi don kauce wa ƙarar ɓata suna, shi ya sa manyan da ke magana a Roma a cikin labarin ba su da suna, murya kawai ake ji.

A 1966 ya fitar da A ciascuno il suo, nan ma abin ya fi muni, malamin makarantar da ya gano gaskiya shi aka kashe aka jefa a tsohon rami, mutanen gari kuwa ashe tun farko sun san komai, suka taru suna hira suka ce ai wawa ne. Italo Calvino da ya karanta rubutun kafin a buga ya rubuta masa cewa littafin ya nuna labarin bincike ba zai yiwu a Sisili ba.

## Milan da kuɗin da suka zo da sauri

Daga 1958 zuwa 1963 tattalin arzikin Italiya ya yi tashin da suke kira mu'ujiza, mutanen kudu suka yi ta kwarara zuwa masana'antun Milan da Turin inda wasu masu gidaje suke liƙa takarda cewa ba sa ba ɗan kudu haya. Giorgio Scerbanenco, haifaffen Kiev a 1911, ya rubuta littattafai huɗu tsakanin 1966 da rasuwarsa a 1969 a kan Duca Lamberti, likitan da aka ƙwace wa lasisi ya yi shekara uku a kurkuku saboda ya yi wa wata tsohuwa mai ciwon ajali allurar mutuwa. A nan ana kama masu laifi, amma wanda dokar ta fi damƙewa sau da yawa shi ne wanda mai karatu yake tausaya wa. Traditori di tutti, maciya amanar kowa, ya ci babbar kyautar labarin bincike ta Faransa a 1968, kuma ko a cikinsa in aka tona ƙasan safarar makamai da ƙwaya sai a tarar da cin amanar da aka yi a lokacin yaƙi.

## Abin da fassara take cinyewa

Da wuya mai karatun Hausa ya haɗu da waɗannan littattafai in ba ta Ingilishi ko Faransanci ko Larabci ba, wato hannu na biyu, kuma akwai abubuwan da ba sa tsallakowa.

Babba shi ne karin harshe. A shekarun nan yawancin mutanen Italiya yaren yankinsu suke yi a gida, Italiyanci na makaranta da ofis ne, don haka idan jandarma ɗan arewa yana yi wa manomin Sisili tambaya, rabin abin da ke faruwa a harshe yake, wa ya gane wa, wa yake yi kamar bai gane ba. Carlo Emilio Gadda ya kai abin ƙarshe a Quer pasticciaccio brutto de via Merulana, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1946 ya zama littafi a 1957 duk da labarin a Roma ta 1927 yake, ya cakuɗa yaren Roma da na Molise da na Napoli da harshen takardun gwamnati, kuma ya tsaya cak ba tare da ya furta sunan mai kisan ba. William Weaver da ya fassara shi a 1965 ya zaɓi ya bar yarukan ya yi Ingilishin baka na kowa da kowa. Stephen Sartarelli mai fassara Andrea Camilleri, wani marubucin labaran bincike ɗan Sisili, ya bi wata hanya, ya ba wani ɗan sanda mai kwaɓa magana karin unguwannin New York. Masu goyon bayansa suna cewa aƙalla an ji bambanci, masu suka suna cewa an mayar da ɗan Sisili ɗan Brooklyn.

Sai girmamawa. Italiyanci yana da tu na sabo, da Lei da voi na girmamawa, har ma gwamnatin Fasist ta hana Lei a 1938 ta ce voi za a riƙa cewa, don haka a labarin 1945 wakilin sunan da mutum ya zaɓa yana iya tona inda ya fito. Ingilishi duk kalma ɗaya yake da ita. Abin sha'awa Hausa da za ta ɗauki wani ɓangare na wannan, tunda mun san bambancin ce wa dattijo kai da ce masa ku, kuma mun san me ake nufi idan jami'i ya sauya daga ɗaya zuwa ɗaya a tsakiyar tambaya. Mai karanta fassarar Faransanci ya fi samun wannan.

Na uku kasuwa ce. Littafin mujiya na Sciascia da ya fara fitowa da Ingilishi a 1963 sunan da aka sa masa Mafia Vendetta, suna mai alƙawarin harbe-harbe da ramuwar gayya ga littafin da yawancinsa zama ne a ofis ana tambaya.

## Masu yabo da masu suka

Masu yabo suna cewa waɗannan littattafai sun yi aikin da kotu da jarida suka kasa. Hujjarsu ƙasar tana cike da shari'un da suka ƙare babu mai laifi, misali Wilma Montesi da aka tsinci gawarta a bakin teku kusa da Roma a 1953, maganar ta kai ga ɗan ministan harkokin waje har uban ya sauka, a 1957 kotu ta wanke waɗanda ake tuhuma kuma har yau ba a san abin da ya faru ba. In rayuwa haka take, in ji su, littafin da ya ƙare da ankwa shi ne mai ƙarya.

Masu suka kashi-kashi ne. Akwai masu cewa yawan nuna cewa ba a taɓa kama manya yana koya wa mutane sallamawa da zargin cewa komai akwai hannu a bayansa, Italiyawa har suna da kalma ta musamman ga wannan ɗabi'a, dietrologia. Akwai Camilleri, abokin Sciascia ne kuma yana girmama shi, amma ya soki yadda Don Mariano ya fito da kwarjini da hikima har mai karatu yake tuna maganarsa fiye da ta kyaftin. Akwai kuma rikicin da ya fi zafi, na kashe-kashen ramuwa da wasu 'yan gwagwarmaya suka yi a yankin Emilia na arewa bayan Afrilun 1945, wanda littafin ɗan jarida Giampaolo Pansa na 2003 ya sake tayarwa. Ɓangare ɗaya yana ganin duk labarin da ya sa tsohon ɗan sandan Fasist a matsayin jarumi yana daidaita mai zalunci da wanda ya yaƙe shi, ɗaya ɓangaren yana cewa ɓoye abin da ya faru bai taimaki kowa ba. Littattafan da suka fi ƙarfi ba su wanke kowa ba, De Luca dai ba a taɓa bari mai karatu ya manta inda ya yi aiki ba, sai dai na baya-bayan nan da ake rubutawa don jerin talabijin wani lokaci tarihin ado ne kawai, tsofaffin motoci da huluna.

## Ina ya shafi talaka

A Italiya abin ya wuce nishaɗi. Littafin mujiya ya shiga makarantu, yara da yawa a cikinsa suka fara karanta kalmar mafiya a rubuce. Majalisa ta kafa kwamitin binciken mafiya a ƙarshen 1962, amma sai 1982, bayan kashe ɗan majalisa Pio La Torre da Janar Carlo Alberto dalla Chiesa a Palermo, aka yi dokar da ta mayar da zama ɗan mafiya laifi da kansa ta kuma ba da damar ƙwace dukiya. Ba littafi ne ya kawo dokar ba, jini ne, amma shekara ashirin da ɗaya kafin nan Bellodi yana zaune yana tunanin cewa hanyar kama irin su Don Mariano ita ce a shiga bankuna a duba asusu a tambayi inda kuɗin gidaje da motoci suka fito.

Ga mai saye kuwa, abin dubawa kafin a biya kuɗi shi ne shekarar da aka rubuta littafin da shekarar da labarin ya faru, da sunan mai fassara, da ko akwai 'yan bayanai a ƙarshe, Sartarelli yakan sa su kuma suna rage ruɗani sosai. Jerin ma ba koyaushe ake fassara shi a jere ba, wani lokaci kamfani ya fitar da biyu ya ga ciniki bai yi ba ya bar sauran. Mai son farawa da mai sauƙi akwai Commissario Bordelli na Marco Vichi a Florence ta shekarun 1960, wanda ɗaya daga cikin littattafansa ya faɗo daidai ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, ko La stanza del vescovo na Piero Chiara, a bakin tafkin Maggiore a 1946, mutum biyu da yaƙi ya bari ba aikin yi suna yawo a jirgin ruwa har aka tsinci gawa a gidan ɗayansu.